Ba Lenin ne ya tuɓe Sarki Nikolas ba

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma akwai gyara inda ka ce Lenin da 'yan jam'iyyarsa ta Bolshebik ne suka kawar da sarautar Rasha. Lokacin Lenin yana gudun hijira a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, sai watan Afrilun 1917 ya dawo. Abin da suka kifar a Oktoba gwamnatin riƙon ƙwarya ce.

Wutar boren da ya tuɓe sarkin daga layin burodi ta tashi. Ranar 23 ga Fabrairu a tsohuwar kalandarsu, wato 8 ga Maris a tamu, mata ma'aikatan masaƙu na unguwar Biborg a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, suka ajiye aiki, suka fantsama kan titi. Hatsi kuwa akwai shi a karkara, jiragen ƙasa ne suka gaza: yaƙi da Jamus ya kwashe taragu, ga sanyi ya daskarar da injuna.

Ranar 26 sojoji suka buɗe wuta a dandalin Znamenskaya. Nan aka yi ɓatan ɓakatantan, domin yawancin sojojin birnin sabbin ɗauka ne, 'ya'yan manoma, kuma washegari rundunar Bolinski ta juya wa hafsoshinta baya, sauran suka bi sahu.

Sarki Nikolas na Biyu ya taso daga hedikwatar soja ta Mogilef, aka tare masa hanya, jirginsa ya ƙare a Pskof. Manyan janar-janar ɗinsa da kansu suka ba shi shawarar sauka. Ya yi murabus ranar 2 ga Maris a tsohuwar kalandar, wato 15 ga Maris a tamu, washegari ƙanensa Mikayil ya ƙi karɓar gadon da gidan Romanof ya riƙe tun 1613.