Littafin cuta ba adon bango ba ne

A nan Ingila akwai masu hali da ba mota suke tarawa ba, ba agogo ba. Tsofaffin littattafan likitanci suke bi, musamman masu ɗauke da zanen sassan jikin da cuta ta ci: huhun da tarin fuka ya rarake, hantar da ta ƙanƙance, tumbin da gyambo ya huda. Ana kai su gwanjo a Landan, dillalai su yi ta lissafa cikar shafuka da lafiyar bango da tabon danshi. Ni da nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, harkar ta daɗe tana jan hankalina. Ina yaba ta, amma akwai inda take sosa mini rai.

Sunayen da ake nema ba su da yawa. Akwai Matthew Baillie, wanda ya fitar da littafinsa kan gaɓoɓin da cuta ta taɓa a 1793, zane-zanen suka biyo baya daga 1799 zuwa 1803 da hannun William Clift. Akwai Richard Bright na asibitin Guy's, wanda a 1827 ya haɗa kumburin jiki da lalacewar ƙoda, ya kuma nuna ƙodar da launinta. Sai manyan biyu: Jean Cruveilhier na Faransa, da ya riƙa fitar da nasa kashi-kashi daga 1829 zuwa 1842, da zane sama da 200 da aka shafa wa launi da hannu, da kuma Robert Carswell ɗan Sikotilan, wanda nasa ya kammala a 1838. Fitowa kashi-kashi ɗin nan ita ta sa samun cikakken kwafin Cruveilhier yake da wuya.

Abin da ya sa nake girmama aikin nan shi ne wahalar da ke cikinsa. A lokacin babu hoton da zai kama launi. In an ciro hanta an jefa ta cikin kwalbar ruwan adanawa, ba da jimawa ba ja da rawaya da ɗorawa duk sun koɗe, sun koma toka-toka. Dole mai zane ya zauna kusa da gawar tun tana sabuwa, cikin sanyi da wari, yana haɗa fenti har ya dace da abin da idonsa ke gani. Carswell da kansa yake zanensa, kuma Kwalejin Jami'a ta Landan, inda ya koyar, tana riƙe da zanensa wajen 1,000. Akwai shafinsa ɗaya da na fi tsayawa a kai: lakar gadon baya a miƙe, da wasu tabo-tabo masu duhu a warwatse a jikinta. Ya zana abin da ya gani tsakani da Allah, bai ƙara ba bai rage ba, alhali cutar ba ta ma da suna. Sai a 1868 likitan Faransa Charcot ya fayyace ta a Faris, ita ce wadda take cinye rigar jijiyoyi har ta kai mutum ga shanyewa.

To, ga inda nake da ƙorafi. Akwai 'yan kasuwar da in suka sami kwafin da bai cika ba, ko ma cikakke, sai su ɓalle ɗinkin, su yanke zane-zanen, su sayar ɗai-ɗai, don an fi samun riba a haka. Mai saye ya sa a gilashi ya rataya a falo ko ofis. Rubutun da ke tare da zanen kuwa, oho. Kuma rubutun nan shi ne ran littafin. A ciki ne likitan ya faɗi shekarun marar lafiya, yadda ciwon ya faro, abin da aka ba shi, da yadda ƙarshensa ya zo. Da yawa daga waɗanda Cruveilhier ya rubuta labarinsu talakawa ne na asibitocin Faris, ciki har da tsofaffin matan asibitin Salpêtrière. A Ingila ma, dokar 1832 gawarwakin da ba su da mai karɓa ta miƙa wa masu feɗewa, wato na marasa galihu. Mutanen nan ba a nemi izininsu ba. Hujja ɗaya da za a iya kafawa kan buɗe cikinsu ita ce ilimi. In aka raba zanen da labarin, ilimin ya tafi, saura tallar tsiraicin bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya.

A gida ba mu da irin waɗannan littattafai, kuma dalilin a fili yake. Mutum ya rasu da Asuba, kafin Azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Ban ɗauki wannan a matsayin ci baya ba, mutunta mamaci ne. Namu ilimin cutar da kalmomi aka ajiye shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, daidai zamanin da Carswell da Cruveilhier suke kan aikinsu, ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan magani, har da ciwon ido da basir. Da Clapperton, Baturen Birtaniya matafiyi, ya je Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Mutum ne mai son ya san yadda wasu suke yi.

Amma raunin da nake kuka da shi a nan, muna da irinsa a can, hanya ce kawai ta bambanta. Kundin malamanmu warƙa-warƙa ne, ba ɗinki, a cikin gafaka. Malam ya rasu, a zo rabon gado, wannan ɗa ya ɗauki rabi, wancan ya ɗauki rabi, kamar ana raba damin gero. Shafin da ya faɗi alamar ciwo ya tafi wani gari, wanda ya faɗi saiwar da za a jiƙa da adadinta ya zauna a wani. Abin da ya rage kuma gara da ɗigar damina su ƙarasa. Na taɓa ganin gafakar wani dattijo a danginmu, Allah ya jiƙansa, an buɗe ta bayan shekaru: gefen takardun ya zama gari, kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi don a gane na gaba tana nan, amma na gaban babu shi. Bature kwaɗayin riba ke sa shi yanka littafi. Mu kuwa ƙauna ce da neman albarka, kowa yana son ya riƙe wani abu na Malam. Niyyarmu ta fi kyau, amma asarar ɗaya ce.

Abin da zan so mu ɗauka daga nan shi ne halin masu tarawa na kirki, waɗanda suke ƙirga shafi, su rubuta hannun da littafi ya bi, daga ƙarshe su bar shi inda jama'a za su amfana. Henry Wellcome, attajirin mai sana'ar magunguna, ya rasu a 1936, kuma yau ɗakin karatun da ya samo asali daga tarinsa a titin Euston na Landan kyauta ake shiga, an kuma ɗora hotunan littattafai masu yawa a intanet, ɗalibin likitanci a Zariya ko Damagaram zai iya buɗewa a wayarsa. Mu ma muna da wuraren ajiya: Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubutun hannu na jami'ar Yamai. Ba sai magada sun rabu da kundin ba. Kafin a taɓa rabo, a jera shi yadda Malam ya bar shi, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, a ba kowane magaji kwafi, a kai ɗaya wurin ajiya, ainihin kundin kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya da dangi suka amince da shi.