Goran da muke fafewa daren tafiya

Shekarata shida ke nan ina aikin jinya a Mancasta, kuma duk zuwan da na yi gida Zariya abu ɗaya ne ke maimaita kansa: ba na taɓa akwatin komawa sai daren tafiya. Na daɗe ina ɗauka kasala ce. Amma ni ɗin nan, idan zan taho daga Ingila, tun saura wata biyu akwatina yake buɗe a kusurwar ɗaki. Takalman yara, turaren Hajiya, man zafi na gwiwarta, rigunan sanyi da na saya da araha bayan Kirsimeti, kullum sai na jefa wani abu, na auna, na sake jerawa. Mai kasala ba ta yin haka. Ashe hannun ne ke yin nauyi idan tafiyar ta barin gida ce.

A gidanmu na Tudun Wada, jawo akwati daga ƙarƙashin gado sanarwa ce. Da zarar Hajiya ta ji ƙarar zif, hirarta takan ragu. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, ba kuma za ta taɓa cewa kada in tafi ba. Sai dai ta leƙo ta ce, "Ke, har kin fara?" ta saki labule ta koma. Wannan tambayar nake gudu, shi ya sa nake barin akwatin a inda yake, kamar idan ban buɗe shi ba kwanakin za su tsaya.

Ko da na so in shirya da wuri, kayan ba a hannuna kaɗai suke ba. Abokan aikina Turawa, idan za su yi tafiya, sukan rubuta abin da za su ɗauka tun saura mako, su shirya, su bar wa maƙwabci mukulli, shi ke nan. Kayansu nasu ne. Ni kuwa rabin akwatina na mutane ne. Sai na je sallama wajen Gwaggo a cikin birni, ta Ƙofar Doka, ta ɗauko daddawar da ta ajiye mini. Kawu yana Samaru, kusa da jami'a, shi ma ba a tafiya ba a gaishe shi ba. Akwai shiga kasuwar Sabon Gari don kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa da tsamiya. Akwai tela da ya yi alkawarin Talata, ɗinkin bai fito ba sai Juma'a bayan magariba. Sannan ga masu saƙo, waɗanda ba sa zuwa sai sun tabbata gobe ne: "Don Allah ga ɗan yajin nan ki kai wa 'yata a Landan, ba shi da nauyi." Babu ɗan saƙon da ba shi da nauyi idan ya zama guda tara. Duk da haka ba na sha'awar tafiyar da ba mai kawo maka ko ƙullin yaji. Na ga irinta a can, mutum ya ja akwatinsa ya rufe ƙofa ba mai ce masa Allah ya kiyaye hanya, kuma ba na yi wa kowa fatanta.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne tafiyata ta bara. Jirgina zai tashi daga filin Malam Aminu Kano da rana, dole mu bar Zariya da asuba, don hanyar Kano ba ta da tabbas ko da an ce awa biyu ce da 'yan kai. Ƙarfe goma na dare aka ɗauke wuta. Ni da ƙanwata muna tsugune a tsakar ɗaki, fitilar waya a bakinta, muna ɗaga akwati a kan sikeli. Tikitina akwati biyu ya ba ni, kowanne kilo 23, ga shi ɗaya ya kai 29. Muka zazzage, muka sake ɗaure kuka a leda uku don kada ta fashe ta ɓata atamfofi, muka naɗe daddawa cikin tsohon zane saboda wari. A ƙasan kayan na tarar da kilishi da kwalbar man shanu da Hajiya ta sa ba tare da ta faɗa mini ba. Dokar Ingila ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko abin da aka yi da madara ba, ko busasshe ne. Na cire su a gabanta, cikin gaggawa, da muryar wadda ta gaji. Ta karɓa ba ta ce komai ba.

Tana zaune a bakin gado tun bayan isha'i, da carbinta, tana jiran in gama mu yi magana. Ban gama ba sai wajen ƙarfe biyu. Da na ɗago, barci ya ɗauke ta a zaune, ledar kilishin tana kan cinyarta. Da asuba sai addu'a a ƙofar gida, mota na jira. Har muka wuce Kwanar Dangora ina tunanin abin da ta so ta faɗa mini, kuma da na tambaye ta a waya daga baya sai ta ce ba komai, Allah ya yi albarka.

Mu Hausawa ne muka ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu ne kuma muka fi kowa fafe shi a daren. Ina ganin muna yi ne don tausayin waɗanda za mu bari, amma tausayin nan su yake cuta. Daren da ya fi kowane dare tsada shi muke ba wa sikeli da leda da igiya. Uwa tana zaune, ɗa yana ƙirga kilo. Wanda zai yi shekara ko biyu bai dawo ba, kuma bai san wa zai tarar wa ba zai tarar ba, bai kamata ya kashe darensa na ƙarshe a kan garin ɗanwake ba. Tsarin da na gani wajen Turawa na shiri da wuri abin ɗauka ne, ba sai mun ɗauki kaɗaicin da ke tare da shi ba.

Bana da na zo, na kai akwatunan ɗakin ƙanena a zaure tun saura kwana biyar, inda Hajiya ba za ta ji ƙarar zif ba. Na gaya wa dangi duk mai saƙo ya kawo kafin Laraba, kuma ban da nama. Gwaggo ta ɗan ji haushi, ta ce na koyo halin Nasara, amma ta aiko da daddawarta ranar Talata. Na bar kilo uku a kowane akwati saboda masu zuwa a makare, sun kuwa zo. Daren tafiya an sake ɗauke wuta. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Hajiya ta sa aka dama fura, ta buɗe kilishin da ta saya mini muka ci tare a nan. Ta ba ni labarin yadda aka kawo ta gidan nan amarya, labarin da ban taɓa ji ba, har aka yi kiran assalatu ba mu tashi ba.