Na tashi yabon Oga na ɓige da yi masa sutura

Wallahi har yanzu in na tuna Alhamis ɗin nan ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Kun dai san Oga ya cika shekara 35 a aiki, aka haɗa masa walimar sallama a harabar ofis, rumfa biyu, kujerun roba, lemo da cincin. Ni aka ɗora wa magana a madadin ƙananan ma'aikata, wai da Turanci saboda baƙi daga hedikwata. Minti uku kacal.

Jimla ɗaya ce ta hana ni barci. So nake in ce bawan Allahn nan haƙuri ne ya sa riga da hula yake yawo a cikinmu. Da Hausa ka ga ai an gama magana. To an ce Turanci, sai na raba dare ina lalube a waya, ashe kalmomin da Turawa ke ɗaukar abin da ido ba ya gani su yi masa jiki tuli guda ne. Na fara cin karo da incarnate, na ji ta cika baki har na rubuta, sai na ga asalinta Latin ne, caro wato nama, abu ya zama tsoka da jini kenan, da ita Kiristoci ke bayanin aƙidarsu a kan Annabi Isa, kuma misalin da ƙamus ya fara miƙo min shi ne devil incarnate, shaiɗan da ƙafafunsa. Na ce ba da ni ba, fayil ɗin furomoshin ɗina na kan teburin mutumin nan. Personify kuma wai daga persona, abin rufe fuskar da 'yan wasan kwaikwayo ke sawa zamanin Rumawa, na ce kar wani ɗan iya ya ce na kira Oga mai fuska biyu. Akwai wata reify, daga res wato abu, wannan ta malaman jami'a ce, ni sai na ji ta kamar sunan maganin tari. Concretize kuwa kankare kawai nake hangowa. Da na gwada materialize da ƙarfi sai uwargida daga ɗaki ta ce, "Maigida wane matiriyal, ankon ne ka tuna?"

Ƙarshe na tsaya a kan embodiment. Bodi ne dai, kowa ya san bodi ko na mota ne. Embodiment of patience. Na maimaita ta ya fi sau hamsin, a banɗaki, a kan mashin, har a layin shan mai.

Aka kira sunana na miƙe, babbar riga ta sha sitaci, sifika ta yi ƙiiii na ɗan bubbuga kan makirfo kamar na saba. Gaisuwa ta tafi lafiya lau. Na iso wajen, na ja numfashi, na juya na nuna Oga da hannu biyu na ce, "Our Oga is the embalmment of patience."

Layin baya suka kaure da tafi. Ni kuma da na ji tafi sai kaina ya fasu, na sake faɗa a hankali, gaɓa gaɓa, em-balm-ment, don waɗanda ba su ji da kyau ba su amfana. A nan ne baƙon hedikwata mai jan taye ya ƙware da lemo har ana buga masa baya, Oga ya zare tabarau ya ƙura min ido, ni duk a zatona maganar ce ta ratsa shi ƙwalla ke shirin zubowa. Jama'a sai na ƙara ta uku. Wannan karon har da ƙarin gishiri, na ce a living embalmment, na ɗan rusuna.

Sai da na zauna ina fifita da takardar jawabin 'yar kofar nan mai bautar ƙasa a ofishinmu ta miƙo min wayarta ba ta ce uffan ba, kafaɗunta sai rawa suke. Na karanta. Embalm, a cusa wa gawa magunguna a shafe ta don kar ta ruɓe, irin yadda mutanen Masar na da ke yi wa fir'aunoninsu. Balm ɗin ciki shi ne dai na su Robb da Aboniki da muke shafawa in ƙafa ta gurɗe. Mu da ko kwana ba ma so mamaci ya yi, ni na tsaya gaban iyalan mutum na adana shi sau uku.

Kuma yarinyar nan ita ce ta fi ƙona min rai. Ni na sama mata ɗaki da ta zo garin nan ba ta san kowa ba, ni nake bin takardar kiliyarans ɗinta duk wata don kar alawus ya tsaya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita uwargida ce ta dama mata kunu. Sakayyata ita ce bidiyo a gurup ɗin WhatsApp na ofis kafin a raba cincin, har ta yanko daidai wurin rusunawar. Sai bayan kwana uku ina kwance na gano corps ɗin da masu bautar ƙasa suke taƙama da shi tun 1973 da corpse wato gawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, corpus na Latin, jiki. Na ce yauwa na samu. Litinin da sassafe na tare ta a bakin ofis na zazzage mata, ta saurara tsaf sannan ta ce, "Sa, ai ba a furta p da s ɗin." Ashe gawar na sake kira.

Shi kuwa Oga da ya tashi nasa jawabin da Hausa ya yi, baƙi ko oho. Ya gode wa kowa, ya ce musamman Malam da ya yi masa sutura tun da ransa, saura a sanar da lokacin jana'iza. Wurin ya ɗauka, har mai gadi da bai san me aka yi ba. Na bi shi mota na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe a yi min afuwa, tuntuɓen harshe ne." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komai ɗana, ai duk can muka nufa." Fayil ɗin dai bai sa wa hannu ba, ya bar wa sabon Oga.

Hajiya ta ofishin kuɗi har gobe cewa take jawabina ya fi na kowa, don ita tafin ta ji. Masinja kuma ya laƙaba min Mai Likkafani. Ankon ma sai da na saya.