Harajin gidaje a Ingila: ba masu riƙon yara ne suka kumbura takardar ba

Duk watan Maris takardar harajin gida takan iso wa magidanta a Ingila, kuma an daɗe rabon da ta zo da labari mai daɗi. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, matsakaicin abin da gida mai rukunin D (ɗaya daga rukunoni takwas da aka kasa gidaje bisa darajarsu) ya biya ya kai fam 2,280, ƙarin fam 109 a kan shekarar da ta gabata. Yawancin manyan ƙananan hukumomi sun ɗora kashi 4.99 cikin 100, iyakar abin da aka yarda su ƙara ba tare da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ba. Waɗanda asusunsu ya riga ya ƙone kuwa, gwamnati ta sakar musu mara. Birmingham, wadda ta fito fili a Satumban 2023 ta ce kasafinta ya fi ƙarfinta, ta ƙara kashi 9.99 a 2024, ta sake ɗora 7.49 a 2025. Mazaunin gidan ne ke biya, ko da haya yake yi, don haka 'yan uwanmu da suka je can aikin asibiti da kula da tsofaffi sun san zafin wannan takarda sarai.

Ana cikin wannan hali sai mutum ya ji cewa maƙwabcinsa ba ya biyan ko sisi, ko kuma rabi kawai yake biya, saboda yana riƙon yaron da hukuma ta danƙa masa. Camden a Landan da birnin Liverpool sun yafe wa masu riƙonsu harajin, Flintshire a Wales ta rage musu rabi, wasu da dama sun bi sahu. Sashe na 13A na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1992 ne ya ba su wannan dama, amma daga asusun ƙaramar hukumar giɓin ke fita. Daga nan gunagunin ya taso. Mai ƙorafi zai ce: ai ana ba su alawus duk mako, ni ma ga 'ya'yana uku ina ɗawainiya da su babu wanda ya rage mini komai, motar shara ɗaya ce ke kwashe mana, don me za a ɗauke nasu nauyin a ɗora mini?

Tambayar tana kan hanya, kuma bai kamata a rufe bakin mai yin ta da cewa ba shi da tausayi ba. Sai dai a ganina ya yi kuskuren gano wanda ke cin kuɗinsa.

A ƙarshen Maris na 2024 akwai yara 83,630 a hannun hukuma a Ingila. Wasu iyayensu sun rasu, amma akasarinsu kotu ko jami'an walwala ne suka raba su da gida saboda cin zarafi ko sakaci, wasu kuma 'yan gudun hijira ne da suka iso ƙasar su kaɗai. Daga ranar da yaro ya shiga wannan jerin, doka ta mai da ƙaramar hukuma uwa kuma uba a gare shi. Ba ta da ikon cewa babu wuri. Za ta iya rufe ɗakin karatu, ta rage fitilun titi, ta bar ramuka a hanya, amma yaron nan dole ya kwana a wani wuri daren yau. Kusan kashi biyu cikin uku na yaran suna gidajen masu riƙo ne. Matsalar ita ce gidajen suna raguwa: alƙaluman Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da kula da yara, sun nuna cewa gidajen da ke karɓar yaran da ba danginsu ba sun ragu da kusan kashi 10 cikin 100 tsakanin 2021 da 2024.

To in ba a sami gidan riƙo ba fa? Sai a nufi gidajen kula da yara, waɗanda mafi yawansu na kamfanoni ne masu neman riba. Hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta Birtaniya ta binciki wannan kasuwa, kuma a rahotonta na Maris 2022 ta ce manyan kamfanonin suna karɓar fam 3,830 a mako kan yaro guda, ribarsu kuma ta kai kashi 22.6 cikin 100. Farashin 2020 ke nan, bai kuma sauko ba tun lokacin. A ɗauki wannan tsohon farashin ma a yi lissafi. Mako guda ya fi harajin shekara guda na gida mai rukunin D. Shekara guda ta kusan fam 200,000, wato harajin gidaje 87 ke tafiya a kan gadon yaro ɗaya. Ƙungiyar ƙananan hukumomin ƙasar ta bayyana a 2023 cewa guraben da ake biya wa fam 10,000 ko fiye a mako sun tashi daga 120 zuwa sama da 1,500 cikin 'yan shekaru, har akwai wanda ya kai fam 63,000 a mako.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai riƙon da aka yafe wa fam 44 a mako, wato harajin rukunin D in an raba shi mako-mako, ita ake yi wa kallon banza a layi, kamfanin da ya karɓi dubbai kuwa babu wanda ya san ko sunansa. Idan rangwamen ya sa gida ɗaya tak ya fasa ajiye riƙo, yaro ɗaya ya tsira daga wancan farashi, to an mayar da kuɗin rangwamen gidaje masu yawa. Ba kowane yaro ne zai iya zama a gidan riƙo ba, gaskiya ne, wasu suna buƙatar kulawar ƙwararru dare da rana. Amma akwai waɗanda babu abin da ya kai su can illa rashin ɗakin da za a sa su.

Batun alawus ɗin ma yana buƙatar a duba shi da kyau. Mafi ƙarancin abin da gwamnati ta ƙayyade a 2024 ya kama daga fam 165 zuwa 289 a mako, gwargwadon shekarun yaro da yankin da yake. Kuɗin yaron ne: abinci, sutura, takalmi, kuɗin mota, wutar ɗumama ɗaki. Wasu hukumomi kan ƙara ladan aiki a kai, wasu kaɗan, wasu babu. Mai riƙo ba ma'aikacin hukuma ba ne, ba shi da albashin jinya balle fansho daga gare ta. Sannan kafin a amince masa galibi sai yana da ɗaki na daban da zai ware wa yaron. Ke nan gidansa ya fi girman buƙatarsa, harajin kuma kan darajar gida ake sa shi. Hukuma ta ce masa ya tanadar wa ɗanta ɗaki, sannan ta dawo ta caje shi a kan ɗakin. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Na san abin da zai zo zuciyar Bahaushe. Mu a wurinmu riƙo zumunci ne da neman lada. Goggo ta ɗauki 'yar ƙaninta, kaka ta haɗa jikoki, babu wanda ya taɓa kawo zancen biya, kuma kowa ya san hadisin da Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya kwatanta kusancinsa da mai rainon maraya a Aljanna. Amma lada ba ta hana baitulmali sauke nauyinsa. Yaron da hukuma ta karɓa da ƙarfin doka ya zama amanar jama'a baki ɗaya, bai dace a bar wa mutum guda ɗawainiyarsa don kawai yana da kirki ba.

Duk da haka ba zan ce tsarin adali ba ne, domin harajin da aka jingina rangwamen a kansa shi kansa a karkace yake. An ƙirƙiro shi cikin gaggawa, aka fara aiki da shi a 1993, bayan harajin kuɗin kai na Margaret Thatcher ya jawo tarzoma a Landan a Maris 1990 ya kuma taimaka wajen kayar da ita. Wanda ya san labarin haraji da jangali, da irin murnar da aka yi da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a 1979, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sabon tsarin ya kasa gidaje rukuni takwas, A zuwa H, bisa darajarsu a Afrilun 1991, kuma har yau a Ingila da wannan tsohon ƙiyasi ake aiki. Gidan da aka gina bara ma sai an yi hasashen nawa zai yi a 1991. Rukunin H, komai tsadar gidan, ninki uku kacal na rukunin A yake biya. A Westminster, inda Fadar Buckingham take, harajin gida mai rukunin H a 2025 bai kai fam 2,280 ɗin da matsakaicin gida mai rukunin D ya biya a ƙasar ba. Ƙarin harajin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar a Nuwamban 2025 kan gidajen da suka haura fam miliyan 2 sai 2028 zai fara aiki, kuma bai taɓa rukunonin ba.

Rangwamen da aka ɗora kan irin wannan tsari dole ya gaji karkatarsa. Mai riƙo a babban gida ya fi mai riƙo a ƙaramin gida amfana, ko da na biyun yara uku ke hannunsa, na farkon ɗaya. Wanda ke wannan gefen titi an yafe masa, na ɗaya gefen yana biya cif, don kawai iyakar hukumomi biyu ta ratsa tsakaninsu. A wurare da yawa kuma masu riƙon da ke ƙarƙashin hukumar kai tsaye ake bai wa, a bar waɗanda suka yi rajista da kamfanin da ke haɗa yara da masu riƙo, ko da yaran duk na hukumar ne. Gyaran a fili yake: a sa kuɗin cikin alawus na ƙasa, ya bi kan yaro, ya kuma fito daga babban baitulmali, don kada mazauna garuruwan da talauci ya fi yawa, inda yaran da ke hannun hukuma suka fi yawa, su ɗauki nauyin su kaɗai. Kafin a kai ga haka, soke rangwamen babu abin da zai rage wa kowa a takardarsa.

Wadda aka fi zalunta kuwa ba ta cikin wannan gardama sam. Ƙidayar 2021 ta nuna yara kusan 141,000 a Ingila da Wales suna hannun dangi ba iyayensu ba, adadin da ya fi na yaran da ke hannun hukuma nesa ba kusa ba. Kaka ko inna da ta karɓi yaro kafin hukuma ta sa hannu ta cece shi daga wancan jerin, ta kuma cece asusun jama'a daga dubban fam. Akasarin irinsu ba su da tabbacin alawus, ba su da rangwame. A kasafin Oktoban 2024 gwamnati ta ware fam miliyan 40 don gwada ba su alawus, amma a ƙananan hukumomin da ba su wuce 10 ba. Sauran, takardarsu za ta zo a watan Maris da cikakken kuɗi.