Tiyata ta yi kyau, huhu ne ya kwantar da ita

Wani rahoto kan ciwon huhu da ke kama yaran da aka ɗora a na'urar numfashi bayan tiyatar zuciya ya tuna mini da jikata, wadda muka kai birni daga ƙauyenmu na gefen Ringim, ita ma aka yi mata tiyata aka ɗora ta a na'urar. A kwana na 4 zazzaɓi ya rufe ta, majinar da ake zuƙowa ta koma ruwan ɗorawa. Likita ya ce bututun na'urar da ake zurawa ta maƙogwaro yana hana yaro tari, sai yawu mai ƙwayoyin cuta ya gangara cikin huhu, shi ya sa suke ɗaga kan gado, suna goge bakin yaro. Ni kaina, da furfurata, sai da ma'aikaciyar jinya ta mayar da ni famfo in wanke hannu kafin in taɓa ta.