Ƙauyukan kan dutse: gona ce ke fara mutuwa

Duk mutumin Zariya ya san Dutsen Kufena, can ta wajen Wusasa, ya kuma ji labarin tsohuwar Turunku, inda sarautar Zazzau ta zauna kafin ta dawo Zariya. Yau ragowar ganuwa ce ke shaida an taɓa zama a wuraren. Yadda suka zama kufai tun zamanin kakanni, haka ƙauyukan duwatsun Mandara, da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, ke zama kufai a kan idonmu.

Saukowar mutane daga duwatsun ta daɗe. Turawan mulkin mallaka sun matsa wa mutanen tudu su sauko don sauƙin karɓar haraji, daga baya ruwan sha, asibiti da hanyar mota suka janye wasu. Sai Boko Haram ta kama Gwoza a Agustan 2014, ta kuma kai hari Sukur, wani ƙauyen kan dutse a Madagali wanda UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1999.

Asarar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta gonaki. Manomin dutse yakan yanka gangare hawa-hawa, ya tare kowane hawa da jeren duwatsu, ba laka ba siminti, don ruwa ya tsiyaye ta tsakani, ƙasa ta tsaya. Kowace shekara kafin ruwan fari sai ya bi jeren ya mayar da duk dutsen da ya zame. Takin kuwa daga bijimi yake samunsa, wanda ake tsarewa a ɗaki ana kai masa ciyawa. In aka tashi daga ƙauyen, dutse ɗaya ya faɗi, ruwa ya samu ƙofa. Ƙasar hawan sama ta zubo wa na ƙasa, nauyi ya ture shi, haka har gindin dutse. Ɗaki kam ana sake masa jinka a rani ɗaya. Ƙasar da aka yi zuriya da zuriya ana tarawa, in ta bi kwazazzabo, wa zai hau da ita?

Shi ya sa nake ganin gina wa 'yan gudun hijira gidaje a ƙasa bai wadatar ba. Inda tsaro ya samu, a ba su rakiya su hau tun Maris ko Afrilu su gyara jeren, ko da a ƙasa za su kwana. A biya dattawan da suka iya jera dutsen su tafi da samari, domin yaron da ya girma a sansani bai san wane dutse ake sawa a gindi ba.