Etiaba ta hau kujera, amma ba a zaɓe ta ba

Wannan rahoto naku da ya kira Virginia Etiaba mace ta farko da ta zama gwamna a Najeriya gaskiya ne, sai dai kun bar rabin zancen. Etiaba mataimakiyar Gwamna Peter Obi ce a Anambra a lokacin. Majalisar jiha ce ta tsige shi a Nuwamba 2006, ita kuma ta riƙe kujerar har Fabrairu 2007, lokacin da kotu ta mayar da shi. Wata uku kenan. Har yau babu macen da talakawa suka zaɓa gwamna ta kuma hau mulki a ƙasar nan.

Mu a Arewa mun ga an kusa sau biyu. Mama Taraba, Aisha Jummai Alhassan, Allah ya jiƙanta, kotun zaɓe ta ba ta nasara a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Kotun Ƙoli ta bar wa Darius Ishaku kujerarsa. Na Aishatu Binani a Adamawa a 2023 kuwa ya fi ɗaure kai: kwamishinan zaɓe ya sanar da ita ana tsakiyar tattara sakamako, INEC ta ce ba da yawunta ba, Gwamna Ahmadu Fintiri ya ci.

Ni dai a ganina matsalar tana wurin fidda gwani, inda kuɗi da iyayen gida ke magana. Shi ya sa kujerar mataimakiya ake bai wa mata, kamar Hadiza Balarabe a Kaduna tun 2019. Jam'iyyu nawa ne suka ba mace tikitin gwamna a jihar da suke da ƙarfi?